Daminar da Na Tsinke Kurkunu

Ran Kirsimetin da ya wuce, ina zaune a bayan majami'a na ji ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, yana gaya wa baƙi wai ƙafar babansu ta sandare ne saboda dukan da aka yi masa a kasuwar Illela a kan wa'azi. Baƙin suka zo suka durƙusa suka gaishe ni hannu bibbiyu, ni kuma na amsa, don ba a ƙaryata ɗa a gaban mutane. To yanzu ga takarda ga alƙalami, bari in gyara. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini hannu a Illela, ko da wasa, ban kuma taɓa yin wa'azi a kasuwarta ba. Kurkunu ne ya lalata mini gwiwa, shi ma da taimakon hannuna.

Kun san ba ni da garin da zan nuna in ce nan aka binne cibiyata. Ina ɗan ƙarami mahara suka kwaso mu daga duwatsun kudu. Muna kan hanya da igiya a wuya sojan Turawa suka tare ayarin, aka kwance mu, aka rasa inda za a mai da mu, sai aka miƙa mu gidan da 'yan mishan ke renon yara irinmu. Can aka raɗa mini Yohanna, can na koyi karatu da lissafi da ɗinki, can na san Almasihu. Na kuma ɗauko wani abu da ba su yi niyyar ba ni ba, wato na sa a raina cewa tun da Allah ya tsamo ni daga igiya, to wani gagarumin aiki ya ajiye mini, kuma a ƙagauce yake jira na. Saboda haka da wasiƙa ta zo daga wani Baturen mishan da ke zaune a ƙasar da Faransi ke mulki a tsallaken iyaka, wanda mutanen can ke kira Mai Jaki, yana neman saurayi mai karatun Hausa da zai riƙe masa makaranta ya kuma zaga ƙauyuka da bishara, ban jira an gama karanta ta ba na ce ga ni. A wancan zamani Gwamna ya rufe ƙasashen sarakunan Musulmi ga masu wa'azi irinmu, ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta tsallaken iyaka. Aikin nan shi ne abin da nake so a duniya, ban haɗa shi da komai ba.

Na bi ayarin fataken goro, muka shigo Illela da ruwan fari, kowa yana gyaran sungumi. Iyakar da ake ta faɗa ba wata aba ba ce, tarin duwatsu ne da turaku da Turawa suka jera cikin gonakin mutane, har akwai mai shuka a ƙasar Ingilishi ya je ya huta a inuwar Faransi. Daga nan zuwa garin Mai Jaki kwana huɗu ne. Muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, ana ce masa Nomau, mutum mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya. Kwana biyu da saukarmu na tashi da wani ƙurji a ƙasan gwiwata ta dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Nomau ya duƙa ya duba, bai ko taɓa ba.

"Wanga ba ƙurjin banza na ba, malam. Kurkunu na. Bari in kira Inna."

Inna Kulu mahaifiyarsa ce, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, yanar ido ta rufe mata gani sai ɗan dishi-dishi, amma duk ƙasar nan ba wanda ya kai ta iya fitar da kurkunu. Ta zauna ta lalubi ƙafata da kan yatsu, ta tambayi ɗanta ko ni ɗan mutanen ina ne. Ya ce ai mai addinin Annasara ne.

"To, ƙahwatai dai irin tamu ta," in ji ta. Ta juyo wajena. "Kai, yaro, na yi miji. Daga yau kai na angona. Miƙe ta da kyau."

Na ce, "Inna, kwana nawa zai ɗauka? Ana jira na."

"Tambayi baƙon. Ni ba ni yanke mai kwana."

Da ta shiga ciki Nomau ya dubi ɗan littafin da ke kusa da matashina, ya rage murya, ga ta dama ƙarama. Yahaya yake ce mini, kamar kowa a garin, don Yohanna ya yi musu nauyi a baki.

"Malam Yahaya, gidana gidan baƙi na. Ka ci, ka sha, ka yi sallarka yadda kaka yin ta. Amma kak ka karanta ma baƙina littahinka. Hakimi na da kunne, Joji Bature na da kunne, ni ko ina da iyali."

Na ce na ji. A raina na ce ai mako ɗaya ne.

Ga yadda Inna ke yi. Da hantsi take zuwa, sau ɗaya a yini. Sai a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi har ƙurjin ya fashe kan abin ya leƙo, fari, siriri kamar zaren saƙa. Sai ta tsaga bakin ɗan tsinken kara ta maƙale kan a ciki, ta shafa man kaɗe tana murza naman daga sama zuwa ƙasa, sannan ta juya tsinken a hankali, abin yana naɗuwa. Wata rana ya ba da juyi uku, wata rana rabi, wata rana ko kaɗan. Da ta ji ya ɗan cije sai ta tsaya cak, ta ɗaure tsinken a jikin ƙafa da zare, ta rufe da ganye, sai gobe. Ba ta kiran sunansa, baƙo take ce masa, wai in aka ambace shi yakan ji haushi ya koma ciki.

Ni kuwa an koya mini lissafi, shi ya cuce ni. Na tambayi tsawon kurkunu, aka ce yakan kai kamu biyu. Na dubi abin da Inna ke samu a yini, bai wuce gaɓar yatsa ba. Da na haɗa sai na ga ina nan har gero ya yi bunni, fataken kuwa sun ce da sun ci kasuwa za su tashi. Na ce abin da aka juya sau ɗaya a yini, me zai hana a juya sau biyu? Lahadi ita ce kasuwar Illela, ranar da aka koya mini hutu ita ce ranar da garin ke tashi tsaye. Da azahar gidan ya watse, zaure ya rage ni kaɗai. Na yi addu'a mai tsawo da kalmomi masu kyau, na tuna wa Allah cewa aikinsa ne ke jira, kamar ya manta. Na kwance zaren. Juyi na farko ya zo a sauƙaƙe, na ɗauka amsar addu'ata ce. Na biyu ma haka. A na uku ya cije, na ji shi sarai a yatsuna, daidai inda Inna ke tsayawa. Sai na ce wa kaina tsayawa a nan ƙarancin bangaskiya ne, na ƙara. Ban ji wata ƙara ba. Tsinken dai ya yi sakayau a hannuna, sauran ya zame ya koma cikin nama ina kallo.

Washegari Inna ta zo ta laluba, ta ji tsinke ba nauyi. Ta ɗago kai wajena.

"Ka ja shi."

Na ce, "Na ja, Inna."

"Sauri ya haihi nawa," in ji ta, ta tashi da ƙwaryarta.

Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Amma mako guda ba ta ce mini ango ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Kafin kwana uku ƙafa ta yi kamar turmi, zazzaɓi ya rufe ni, ban san lokacin da fataken suka ɗaura kaya suka tafi ba. Da mugunya ta taru aka kira wanzami ya yi mini sakiya, wato ya gasa ƙarfe a wuta ya huda kumburin, maza uku suna danne da ni. Sau huɗu aka yi haka. Ciwon ya shiga cikin gwiwar ya zauna, da ya tashi fita ya bar ta a miƙe, kamar yadda kuka san ta. Nomau ya aika wa Mai Jaki labari ta hannun wani mai raƙumi, amsa ta dawo a 'yar takarda cewa in yi haƙuri in warke, zai riƙe mini wurin gwargwadon iko.

Haka na kwanta a zauren nan damina guda. Wanda ke kan tabarma ƙafafu yake gani. Da sassafe su fita da hauya, da la'asar su dawo da taɓo, ni ina inda aka bar ni. Na yi fushi da Allah, kuma ban ɓoye masa ba. Na ce masu aikinsa a wannan ƙasa ba su cika hannu ɗaya ba, ga guda ya taso da ƙafarsa, shi kuma ya kwantar da shi a inda ko baki ba a bar shi ya buɗe ba. Cewa ni na ja tsinken bai hana ni ƙorafi ba, mai laifi ai shi ya fi iya kai ƙara. Na tura littafin ƙarƙashin matashi na daina buɗewa. Addu'ata ta koma kalma biyu ko uku, su ma don sabo. Sau ɗaya na saɓa wa Nomau, na ce Inna ai ba baƙuwarsa ba ce. Tana wanke mini ciwo na tattaro abin da ya rage mini na ƙarfi na fara ba ta labarin Almasihu, tun daga haihuwa. Ta saurara har na kai tsakiya.

"Annabi Isa mun san shi, ango, ba baƙo na ba. Juya min ƙahwa."

Wa'azina na farko da na ƙarshe a gidan ke nan.

Kurkunu ba ya zuwa shi kaɗai. Gero na kai ƙugu wani ya ɓullo mini a idon sawun hagu. Inna ta fasa, ta maƙale kan, sai ta kama hannuna ta danƙa mini tsinken.

"Kai kab ɓata na hwarko, kai za ka gyara wanga. In ya ba ka, karɓa. In ya hana, bar mai."

Kwana goma sha tara na yi da shi, tana zaune kusa tana jin numfashina, da ta ji na riƙe shi sai ta buge mini hannu. Ya fito ɗungurungum. Ta sa na shafa ƙarshensa in ji 'yar ƙugiyar da ke wutsiyar, ta ce in ba a ga wannan ba, to da sauran baƙo a ɗaki. A lokacin zauren ya zama kasuwar ƙafafu. Damina ita ce lokacinsa, daidai sa'ad da gona ke neman mai ita. Kullum da hantsi jakuna na sauke mutane daga Lafani da Amarawa da Garu, wani da ɗaya, wani da biyar, gonakinsu can ciyawa na ci. Hannu biyu ba su isa ba. Ran nan ta turo mini wani manomi da sandarta.

"Kana nan kwance awa buhun gero. Karɓi wagga ƙahwa."

Mutumin ya janye ƙafarsa, ya ce shi a bar shi ya jira Inna, ya ji an ce malamin ba ya salla.

"Kurkununka Musulmi na?" in ji ta. "Miƙa mai, ko ka koma gida da abinka."

Zaure ya fashe da dariya, ya miƙo. Daga ranar nake raba aikin da ita. Ɗinki ya riga ya koya wa yatsuna jin zare, tsinkewar nan kuma ta koya musu tsoro, ashe su biyun ake bukata. Kada ku ɗauka na ga wani haske a ciki. Ban ɗauke shi aikin Allah ba, abin rage yini ne kafin in warke in tafi aikin gaske. Na dai ga abin da tsinkewa ke yi wa tsoho: an kawo wani dattijo daga Amarawa wanda ɗansa ya ja masa a gida, kwana shida ya yi a zauren, haƙoransa suka datse, aka fitar da gawarsa.

An fara yankan gero, ina dogara sanda ina kaiwa ƙofar gida, sai na ga Inna tana ɗingishi tana ɓoyewa. Wanzami ba ya son jarfa. Sai da Nomau ya yi da gaske ta yarda aka duba, ashe baƙo ya sauka mata a bayan gwiwa, inda ba ta gani, bayanta kuma ba ya lanƙwasuwa ta kai hannu. Matan Nomau suka ce su ba za su iya ba, ga kunyar suruka ga tsoron tsinkewa. Nomau ya gwada juyi ɗaya, na dubi hannun nan da ya saba ɗaure kayan raƙumi, na ce ya bari. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure ta ciki, ta kwanta rub da ciki tana mita, na kama aiki. Naman tsufa ba ya sakin abu da wuri, rabin juyi nake samu, in an yi sa'a, juyi ɗaya.

Ran kwana na shida wani ya yi sallama da jakuna biyu. Dauda ne, wanda muka tashi tare a gidan mishan, ya girme ni kaɗan, shekara biyu ke nan yana yi wa Mai Jaki aikin lambu. Muka rungumi juna, ya sha ruwa, ya dubi ƙafata. Sannan ya ciro takarda mai hatimi daga cikin hularsa.

"Bature zai tafi gida hutu, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Ya ce in kana iya zama a kan jaki ka zo, makaranta ba ta bukatar gudu. Ga izinin kumandan Faransi na Ƙonni da sunanka, kwana tara ya rage masa, kuma a hannun kumandan na can za ka miƙa shi. In ba ka zo ba, dole ya bar wa wani kafin ya tashi."

Na ce, "Wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni. Ka san karatuna, Yohanna, da ƙyar nake haɗa baƙi. Don Allah ka taso."

Talaka da jakinsa yana ƙetare iyaka ba mai tambayarsa, amma wanda zai zauna gidan mishan yana karantarwa sai da wannan takarda. Kwana tara, a cire huɗu na hanya, saura biyar. Nomau ya ce in tafi, ya gode, zai kira wanzami. Inna ta ɗago kai daga tabarma.

"Tahi abinka, ango. Na ga ɗiyan jikokina, mi nika jira? Ƙahwa guda ta, ba ta kai a ɓata tahiya ba."

Na roƙi Dauda ya ba ni kwana biyar ɗin, ya ce ya ba ni. Na ciro littafin daga ƙarƙashin matashi, na koma addu'a gadan-gadan, buƙata ɗaya tak: abin nan ya fito kafin kwana biyar. Ban ji wata murya ba, ban yi mafarki ba. Kullum da hantsi in zuba ruwa, in shafa mai, in juya, ya ba ni rabi ya cije. Na san ana cewa a irin wannan wuri mutum yakan auna abu biyu ya zaɓi mafi nauyi. Ni ban auna komai ba, ina son tafiya da dukan zuciyata, kuma duk safiya ina jin haushin tsohuwar da bayan gwiwarta.

Ran na biyar Dauda ya ɗaura wa jakuna akumari tun da wuri, ya tsaya a ƙofar zaure da 'yar jakata a hannu. Na zauna na kwance zaren. Ya ba da juyi ɗaya, ya ba da biyu, ya ba da uku, abin da bai taɓa yi ba. Na ce ko yau ce. A na huɗu ya cije. Na tsaya da tsinken a hannu, na san sarai abin da ke tsakanin yatsuna, na kuma san cewa in na ƙara ya fito, ga jaki a ƙofa. In na ƙara ya tsinke, ba wanda zai ce da gangan ne, jakin kuma yana nan a ƙofa. Wannan tunanin ya zo mini, ba zan ɓoye muku ba. Inna tana kwance ba ta ko motsi, ta fi kowa sanin inda aka kai. Na ɗauki zare na ɗaure tsinken, na rufe da ganye.

Na ce, "Dauda, ajiye jakar. Ka gaida Bature."

Ya daɗe a tsaye. Ya ajiye jakar, ya ɗora takardar a kai, ya ce ko Allah zai sa. Na ji takun jakunan har suka sha kwana.

"Wawa na angon nan nau," in ji Inna, fuskarta a cikin tabarma. 

Sai da aka ƙara kwana goma sha ɗaya sannan ya fito. Na sa mata wutsiyar a tafin hannu, ta laluba ta ji ƙugiyar, ta ce a kai a binne. Ta tashi da ƙafarta, ta kuma shekara bakwai tana takawa.

Abin da na biya shi ne wannan. Dauda ya riƙe makarantar, karatun da yake jin tsoro ya zauna masa, ya zama fasto, majami'un da ya kafa a ƙasar can kun ji labarinsu. Mai Jaki bai dawo daga hutu ba, wani aka aiko wanda bai san ni ba. Sau biyu na rubuta, aka amsa mini da ladabi cewa aikin zagaya ƙauyuka yana son mai ƙafa biyu. Ban taɓa tsayawa a bagade ba, ban yi wa kowa baftisma ba. Na zauna Illela ina ɗinki da rani, ina juya tsinke da damina, har aka laƙaba mini Sarkin Kurkunu, sunan da kuke jin kunya in an kira ni da shi. Na yi shekaru ina kishin Dauda, in aka kawo labarinsa sai tuwo ya ƙi wucewa, shi kuwa bawan Allah bai taɓa zuwa ƙasar nan bai kawo mini tsaraba ba.

Amma a lokacin ban san duk wannan ba, ina ganin da sauran dama. Washegarin fitar kurkunun Inna na ari jakin Nomau na tsallaka iyaka zuwa Ƙonni da takardata, ko za a sabunta. Na zauna har azahar a gindin bishiyar bedi a ƙofar bariki kafin tafinta ya fito. Ya duba hatimin, ya ƙirga da yatsu, ya ce takarda ta mutu, sabuwa kuma sai Baturen da ya nema ya sake nema da bakinsa. Na ce Baturen yana kan teku. Ya miƙo mini abata, ya ce to sai ya sauka. Ba wulaƙanci ya yi mini ba, har ruwa ya sa aka ba ni. Na hau jaki na juyo, na bi ta cikin gonaki ana ta ɗaurin dammuna, ban gai da kowa ba.

Da la'asar na iso. Na tarar da mutum huɗu a zaure, tun hantsi suke jira, Inna ta ce musu ita ta huta, su jira malam. Ba na son ganin kowa, amma ɗakin kwanana ke nan, ba inda zan wuce. Na gaba wani magidanci ne daga Garu, ƙafafunsa sun yi kauri da busasshen taɓo da mugunya har ba a gane inda bakin ciwon yake, ƙudaje na bi. Na ce a kawo ruwa da tsumma. Durƙuso ya riga ya fi ƙarfina, sai na zauna a ƙasa dirshan, na miƙe sandararriyar gefe, na ɗora ƙafarsa a cinyata na fara wankewa. Ina cuɗa tsakanin yatsunsa sai na tuna yadda Ubangiji ya tashi daga cin abinci ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya bi ƙafafun mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Wurin nan na haddace shi tun ina yaro, ni ake tsayarwa in karanta in baƙi sun zo, don na fi kowa murya. Sau nawa na karanta, ban taɓa kawowa a raina cewa aiki ne da za a iya aiken mutum takanas ya je ya yi ba, a rufe masa baki, a karya masa gwiwa, a zaunar da shi daidai tsayin ƙafafu. Ba daɗi na ji ba, ban kuma daina son makarantar ba. Na dai gane ba a hanya aka yar da ni ba, nan aka aiko ni. Hawaye ya zubo mini yana ɗiga cikin ƙwaryar. Mutumin ya gani, ya shiga jan ƙafarsa, kunya ta kama shi.

"Yi haƙuri, malam, wari na ko? Kwana takwas ban sa mata ruwa ba."

Na riƙe ta da kyau na ce masa ba komai, ya miƙo ɗayar.